Dunƙulallen harafi ko warwararre: wanne ya dace da Hausa mai alamar karin sauti?

Mai rubuta wasiƙa ko labari ba ruwansa da alamar karin sauti, wato alamar hawa da saukar murya a kan gaɓar kalma. Ya rubuta "gari", mai karatu ya dubi gaba da baya ya gane ko birni ake nufi ko na tuwo. Amma wanda ya zauna haɗa ƙamus, ko littafin koya wa baƙi Hausa, ko kundin digiri a kan tsarin sauti, ko jerin kalmomin da za a koya wa na'ura furuci da su, ba shi da wannan hutun. Dole ya raba gàrī da gā̀rī, wuyā̀ na jiki da wùyā ta rayuwa, kūkā na hawaye da kūkā̀ ta miya. Ranar da ya fara ɗora wa wasali alama kuwa, ranar ya shiga wani zaɓi, ko ya sani ko bai sani ba, domin kwamfuta na da hanya biyu ta adana harafi mai alama, kuma a ido babu bambanci tsakaninsu.

Ɗauki à. A tsarin Unicode, wanda kusan duk rubutun waya da intanet ke tafiya a kansa yau, kowane harafi na da lambarsa. Ana iya adana à da lamba ɗaya tak, U+00E0, harafi da alamarsa a dunƙule. Ana kuma iya adana shi da lamba biyu: a na yau da kullum, U+0061, sai wata lamba ta biyo baya, U+0300, wadda ba ta da mazaunin kanta a layi, aikinta kawai ta hau kan harafin da ya gabace ta. Irin waɗannan alamomi masu hawa suna da unguwarsu a Unicode, daga U+0300 zuwa U+036F, gurbi 112. A nan ne alamar karin ƙasa U+0300 take, da hular karin faɗau (mai faɗowa daga sama zuwa ƙasa) U+0302, da sandar tsawon wasali U+0304, da 'yar igiyar nan U+0303 da ake ɗora wa ra-gare, wato r mai karkarwa (r̃). Zan kira hanya ta farko dunƙulalliya, ta biyu warwararriya. Ƙa'idar Unicode ta ce ma'anarsu ɗaya ce, ta kuma tanadi hanyar mayar da rubutu siga guda: NFC tana dunƙule duk abin da zai dunƙulu, NFD tana warware komai.

Abin da ya haifar da hanya biyun tarihi ne. Lokacin da Unicode ta fito a 1991, ta tarar da tsofaffin tsare-tsare da kamfanoni da gwamnatoci suka riga suka tara rubutu a cikinsu, kuma dole a iya juya rubutun zuwa sabon tsari a dawo da shi ba tare da asara ba. Saboda haka harsunan da suka riga suka kama wuri, irin Faransanci da Jamusanci da harshen Biyetnam, suka shigo da haruffansu a dunƙule. Waɗanda suka zo a makare aka nuna musu alamomi masu hawa, aka ce su haɗa da kansu. Yarabawa na cikin wannan sahu: ẹ da ọ suna da lambobinsu, amma da zarar an ɗora musu karin sauti, ẹ́ ko ọ̀, sai an kawo alama ta biyu.

To mu ina muka faɗo? Rabi a ciki, rabi a waje. Idan ka bi tsarin da ƙamus ɗin Hausa na masanin harshe Paul Newman na 2007 ya bi, wato sanda a kan dogon wasali, alamar karin ƙasa a kan gaɓa mai karin ƙasa, hula a kan faɗau, karin sama kuma a bar shi haka, za ka ga à è ì ò ù duk suna da lamba guda, haka â ê î ô û, haka ā ē ī ō ū. Matsalar tana wurin dogon wasali mai karin ƙasa, inda alama biyu ke hawa harafi ɗaya. A nan ḕ na zōbḕ yana da lambarsa, U+1E15, ṑ na kṑgī ma yana da tasa, U+1E51. Amma ā̀ na gā̀rī, da ī̀ na rī̀gā, da ū̀ na tū̀lū, babu ko ɗaya. Wasula biyar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, biyu sun sami gado, uku an hana su. Ba don Hausa aka saka biyun ba ma, mun dai tsince su ne. Haka r̃, wanda ke raba bar̃ā̀ ta almajiri da barā̀ mai hidima: ñ na Sifaniyanci yana da lamba, r̃ ba shi da ita.

Kada kuma a zauna jiran ranar da za a ƙara su. Unicode ta yi alkawarin cewa rubutun da aka riga aka daidaita ba zai tashi daga daidaitacce ba don wani sabon bugu ya fito. Ke nan ko an ƙirƙiro wa ā̀ lamba guda gobe, NFC ba za ta yi amfani da ita ba. Abin da aka yi shi ne an raɗa wa wasu jerin suna a hukumance, har da ā̀ da r̃, amma suna ne kawai, jerin na nan a lamba biyu. Ma'anar wannan ga mai aikin Hausa ita ce, zaɓen NFC ba zai raba shi da alamomi masu hawa ba. Wanda ya ce maka "ka dunƙule komai ka huta", Faransanci yake tunani.

Kafin a ci gaba, bari in kawar da wani ruɗani da na sha ji. Ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba alama mai hawa ba ce. Kowannensu harafi ne cikakke mai lambarsa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4, manyansu ma haka. NFD ba ta raba ƙ zuwa k da ƙugiya, domin a wurin Unicode babu abin rabawa. Wannan alheri ne babba, za a ga dalili nan gaba. Waɗanda ke warwarewa su ne masu ɗigo a ƙasa, ḅ, ḍ, ḳ, da ake gani a wasu tsofaffin rubuce-rubucen boko, kuma babu wata daidaitawa da za ta mayar da ḳ ta zama ƙ. Mai kwafe tsohon littafi da hannunsa zai yi wannan.

Yanzu a gwada su. Wurin nema aka fi shan wahala. Na taɓa karɓar jerin kalmomi da mutum biyu suka buga, kowa da na'urarsa da allon madannansa. Na nemi wata kalma da na san ta fito sau da yawa, sai kaɗan suka bayyana, alhali ga sauran ina kallonsu a shafi. Na yi zargin idona, na yi zargin manhajar, sai daga baya na gane ɗaya ya buga a dunƙule, ɗaya a warware, manhajar kuma lamba take kwatantawa da lamba. A wannan matsala babu gwani tsakanin NFC da NFD. Cakuɗa su ne cutar, kowacce ka zaɓa ka mayar da komai gare ta, ka warke. Manyan manhajojin buɗe intanet da dama suna yafe wannan bambanci wurin nema, shi ya sa mutum kan daɗe bai lura ba, sai ya zuba kalmominsa a rumbun bayanai ya ga kalma ɗaya ta zama biyu.

Inda suka rabu da gaske shi ne neman mai nazari. A ce kana son duk kalmomin da ke da karin ƙasa. A NFD abu ɗaya za ka nema, U+0300, ko'ina yake ya fito. Kana son dogayen wasula, ka nemi U+0304. A NFC kuwa sai ka jero à, è, ì, ò, ù, ka ƙara ḕ da ṑ, ka ƙara manyan haruffansu, sannan ka ƙara U+0300 ɗin dai saboda sauran ukun. Ka manta ɗaya, lissafinka ya karkace ba tare da wani ya faɗa maka ba. Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi: a rubutun NFC, manhajar da ke bin lamba za ta kama gā̀rī idan ka nemi ā, amma ba za ta kama zōbḕ ta wurin wasalin ƙarshe ba idan ka nemi ē, domin ḕ lamba ce daban. Doka ɗaya, hukunci biyu. A nan NFD ta yi wa NFC nisa, kuma ban ga abin musu ba.

Haka wurin sauke alamomi. Kusan duk mai ƙamus yana buƙatar kowace kalma a siga biyu, mai alama don nunawa, marar alama don mai nema, tunda ba wanda zai buga gā̀rī a wayarsa, "gari" zai buga. Hanyar ita ce a mayar da kalmar NFD, a share duk lambar da ta faɗa tsakanin U+0300 da U+036F. Karin sauti ya tafi, sanda ta tafi, r̃ ya koma r, amma ƙōfā̀ ta zama ƙofa da ƙugiyarta, ba kofa ba. Alherin da na ambata ke nan: abin da ya rage daidai yake da rubutun Hausa na yau da kullum. A yi hattara dai da kayan aikin da ke mayar da komai haruffan Turanci zalla, waɗannan sukan aske ƙugiyar ma, su haɗa ƙafa da kafa a tukunya ɗaya.

Maganar girma ba ta kai a daɗe a kanta ba. A UTF-8, hanyar da aka fi adana lambobin Unicode da ita, à dunƙulalle bayit 2 ne (bayit shi ne ma'aunin girman bayani a kwamfuta), warwararre 3. Kalmar gā̀rī bayit 8 ce a NFC, 10 a NFD. Ƙamus guda bai kai nauyin hotunan biki kaɗan ba. Abin lura a nan ƙirga ne: ido na ganin harafi 4 a gā̀rī, NFC na ƙirga lamba 5, NFD na ƙirga 7. Manhajar da ke yanke rubutu a adadin lamba tana iya yanka tsakanin wasali da alamarsa, ta mayar maka da garin tuwo wani abu daban. NFD ta fi faɗawa wannan rami don mahaɗanta sun fi yawa, amma NFC ma ba ta tsira ba.

Wurin bayyana a allo da takarda kuwa, NFC ce a gaba. Dunƙulallen harafi zane ne da mai tsara salon haruffa ya zauna ya gyara da hannunsa. Alama mai hawa kuwa sai salon haruffan yana ɗauke da bayanin inda za ta sauka a kan kowane harafi, da inda ta biyu za ta sauka a kan ta farko. In babu wannan bayani, sai ka ga alamar ta zame gefe, ko ta nutse cikin sanda ta zama ɗan tabo, ko ta soki kan babban harafi, ko manhaja ta aro ta daga wani salo daban ta fito kamar faci a riga. Gaskiya ne injinan nuna rubutu na zamani sukan dunƙule da kansu kafin su zana, don haka a sabuwar waya da wuya ka ga bambanci. Amma ba ka san na'urar mai karatunka ba, ba ka kuma san manhajar maɗaba'ar da za ka kai wa aiki ba. Da NFC, wuraren da abu zai iya lalacewa sun ragu zuwa huɗu: ā̀, ī̀, ū̀ da r̃. Su huɗun nan ba daidaitawa ke gyara su ba, salon haruffa ne. Charis, Doulos, Gentium da Andika na ƙungiyar SIL an yi su ne musamman don irin wannan aiki, kyauta ne kuma, haka Noto na Google.

Sai mu'amala da sauran duniya, inda nan ma NFC ta fi jama'a. Ita W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ba da shawarar a yi amfani da ita. Manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta tana mayar da duk abin da aka shigar zuwa NFC, ko da wace siga ka buga. Yawancin allunan madannai ma dunƙulallun suke fitarwa inda akwai su. Fitaccen mai saɓawa shi ne tsohon tsarin fayil na kwamfutocin Apple, HFS+, wanda ke warware sunayen fayiloli da kansa. Sabon tsarinsu APFS na 2017 ya daina tilasta hakan, amma tsofaffin fayiloli da wasu manhajoji na nan da halinsu. Wanda ya naɗi muryar kowace kalma ya raɗa wa fayil ɗin sunan kalmar da alamominta, ya kwashe zuwa wata na'ura, yana iya tarar da shafi na kiran fayil, fayil na zaune a wurin, amma ba su san juna ba. Shawarata a nan ba NFC ba ce ba NFD ba: sa wa fayiloli lamba, ka bar karin sauti a cikin rumbun bayanai.

Akwai tarko guda da babu wadda ke fitar da kai daga cikinsa, kuma shi na fi so a riƙe. Idan alamomi biyu suna wurare daban, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar ọ̀ na Yarabanci, daidaitawa na jera su da kanta, ko wacce ka fara bugawa sakamako ɗaya ne. Amma sanda da alamar karin ƙasa duk a sama suke, ajinsu ɗaya a lissafin Unicode, aji na 230. Alamomin aji ɗaya ba a sauya musu jeri, domin jerin na da ma'ana: wadda ta fara zuwa ita ke kusa da harafi, ta biyu ta hau kanta. Ke nan wanda ya buga ā ya ɗora karin ƙasa, da wanda ya buga à ya ɗora sanda, abubuwa biyu daban suka rubuta, kuma NFC da NFD duk za su bar su a haka. Na biyun kuskure ne, amma a ƙaramin rubutu ido ba ya kamawa. Maganinsa a kafa doka tun ranar farko, sanda kafin kari, a kuma binciki rubutun a sigar NFD a nemo duk inda U+0304 ta biyo bayan U+0300. Irin wannan ne da alamar 'y ta Najeriya, wadda Nijar ke rubutawa ƴ: akwai miƙaƙƙiya U+0027, akwai lanƙwasassa U+2019, akwai U+02BC, manhajar buga takardu kuma takan juya ta farkon kalma ta fuskanci baya. Daidaitawa ba ta haɗa su. Kai za ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta.

Za ka ga wasu sigogi biyu masu K, wato NFKC da NFKD. Kada ka adana aikinka da su. Suna narkar da bambance-bambancen da ba a dawo da su: ² ya koma 2, alamar salati ﷺ, wadda lamba ɗaya ce, ta bazu zuwa lamba 18. Suna da amfani wurin gina ma'ajiyar nema, ba wurin ajiye asali ba. Masu ajami kuwa ba su da wannan zaɓin sosai, domin fataha da kisira da rufu'a, har da ɗigon imala na ƙasa U+065C, duk alamomi ne masu hawa tun asali. Nasu aikin yana wurin samun salon haruffa mai kyau.

Akwai kuma hanya ta uku da ba ta shafi Unicode ba, ta shafi yadda ka zaɓi rubuta tsawo. Masana da dama suna ninka wasali maimakon sanda, su sa alamar kari a kan na farko: gàarii, rìigaa, tùuluu. Da wannan babu alama a kan alama, kowane wasali na da lambarsa guda a NFC, kusan kowane salon haruffa zai nuna shi daidai, tarkon jeri ma ya ɓace. Sai r̃ kaɗai ya rage. Farashinsa shi ne kalmar ta yi nisa da yadda aka saba ganinta, kuma sauke alamomi ba zai mayar da gàarii "gari" ba, sai an ƙara wata doka ta rage ninki. Ga kundin da malamai za su karanta, ko rubutun da zai yi yawo a WhatsApp cikin wayoyi iri-iri, ina ganin ninki ya fi kwanciyar hankali. Ga ƙamus da ɗalibi zai duba yana kwatantawa da rubutun jarida, sanda ta fi, domin surar kalmar ba ta canja ba.

In ka zaɓi sanda, ga inda na tsaya: adana da NFC, wallafa da NFC, ka daidaita duk abin da ya shigo tun a bakin ƙofa, ko daga wa ya fito. NFD kuma ka riƙe ta a matsayin kayan aiki, ka juya zuwa gare ta lokacin ƙirga, nema, bincikar kuskure da sauke alamomi, ka dawo. Juyawar ba ta da asara, kuma layi ɗaya ce a harsunan rubuta manhaja irin Python ko JavaScript, duk suna da umarnin a gine. Wanda kaɗai zan ce ya zauna a NFD dindindin shi ne mai rumbun da ba ya fita ko'ina, aikinsa kullum lissafin kari da tsawo ne.

Kafin ka miƙa wa maɗaba'a ko ka ɗora a shafi, buga waɗannan a layi ɗaya: gā̀rī, rī̀gā, tū̀lū, zōbḕ, kṑgī, bar̃ā̀, ƙōfā̀, kâi. Maimaita su da manyan haruffa, sannan da rubutun gicciye da mai kauri, domin salo kan yi daidai a miƙe ya karkace a gicciye. Duba su a kwamfutarka, a tsohuwar wayar wani, da kuma a takardar gwaji daga injin da zai buga littafin. Ka fi zuba ido a kan Ā̀ babba, nan ne alamar ta fi yawan karo da layin da ke sama.